Karena Ya Tsufa, Kuma Likita Ya Ce A Yi Masa Fiɗiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kare namiji mai shekara 9, ruwa biyu ne tsakanin karen gida da jinsin Alsatian, kuma shi ke gadin gidana da ɗakin kajina a bayan garin Zariya tun tasowarsa. Kimanin wata biyu ke nan ina ganin ɗigon jini a inda yake kwanciya, sannan idan zai yi kashi yakan daɗe yana yunƙuri. Likitan dabbobi ya duba shi ya ce abin da ya fi shi ne a yi masa fiɗiya. Wani maƙwabcina ya ce tsohon kare ba ya farkawa daga allurar barci, wani kuma ya ce zai kawo mini mutumin da ke yi wa bunsuransa dandaƙa ya gama aikin nan take, ba allura, ba kashe kuɗi. Ina tsoron in zama sanadin mutuwarsa, ina kuma tsoron in bar shi cikin wahala. Idan an yi, zai ci gaba da gadi kuwa? Kuma babu laifi a addini? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka yanke hukunci a kan dabbar da ta shekara tara tana kwana a waje domin iyalinka su yi barci da ido biyu rufe. Shekara 9 ba ta hana a yi wa kare fiɗiya, domin likitocin dabbobi suna yi wa waɗanda suka fi naka tsufa kuma su tashi lafiya. Sai dai ban yarda a sa ranar aiki ba tukuna, sai an tabbatar da abubuwa biyu: mene ne ainihin abin da ke kawo jinin, kuma shin jikinsa zai iya ɗaukar maganin barci da yanka.

Maganar mai dandaƙa kuwa, ka ajiye ta tun daga yanzu, kada ka sake waiwayarta. Abin da ake yi wa bunsuru ko ɗan maraƙi shi ne a murƙushe jijiyar da ke kai jini ga maraina, a bar su a cikin jaka su shanye a hankali, kuma galibi ana yin haka dabbar tana ƙarama. Babban kare kamar naka jijiyoyinsa sun yi kauri, dole ne a buɗe, a ɗaure kowace da zaren tiyata kafin a yanke, in ba haka ba jini zai zuba a ciki inda ido ba ya gani. Roba da wasu ke ɗaurewa ta fi muni, domin naman ruɓewa yake yi a jikin dabbar tana raye, ƙudaje su bi, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Ban da wannan, azabar da zai sha idonsa biyu za ta iya sa ya ciji wanda ya riƙe shi, ko da kai ne. Kuma idan akwai ƙari a cikin ɗaya daga cikin marainan, barinsa a jiki bai warkar da komai ba.

Dalilin da ya sa likita ya kawo maganar fiɗiya yana da tushe. A gindin mafitsarar namijin kare akwai wani ƙullutu da ya zagaye hanyar fitsari, wanda likitoci ke kira furostet. Sinadarin namiji da maraina ke samarwa yana sa shi ƙara girma shekara bayan shekara, har ta kai mafi yawan karnukan da ba a yi wa fiɗiya ba suna da wannan kumburi idan sun wuce shekara 5, kuma a shekarun naka kusan babu wanda ya tsira daga gare shi, ko da yake ba duka ke nuna alama ba. A jikin dattijon mutum kumburin yakan matse hanyar fitsari, amma a jikin kare ya fi bunƙasa waje ya danne hanjin da ke samansa. Shi ya sa kake ganin yana yunƙuri, kuma idan ka lura da kyau za ka iya ganin kashin yana fitowa siriri, a baje. Ɗigon jinin da ba ya tare da fitsari shi ma alama ce da aka sani. Idan wannan ne, fiɗiya ita ce magani mafi inganci kuma mai ɗorewa, domin da zarar an cire tushen sinadarin, ƙullutun yakan ragu da kusan rabi cikin mako 3, ya ci gaba da motsewa cikin watanni biyu zuwa uku. Aikin yana kuma kawar da ƙarin maraina, wanda ya yawaita ga tsofaffin karnuka, yana sa wasu ƙuraje masu tsiro a bakin dubura su koma, sannan yana rage yiwuwar tsokar gefen dubura ta saki har hanji ko mafitsara su leƙo ƙarƙashin fata saboda yawan yunƙuri. Wannan na ƙarshe shi ne abin da nake ji wa karenka tsoro idan aka bar shi haka, domin gyaransa tiyata ce babba da ta fi fiɗiya wuya da tsada.

Amma ɗigon jini daga gaban kare a ƙasarmu ba shi da uwa ɗaya, kuma nan ne nake so ka koma wurin likita da tambaya. Akwai wani ƙari da karnuka ke ɗauka wajen barbara, wanda ya zama ruwan dare a duk inda karnuka ke yawo sakaka. Ƙwayoyin ƙarin ne da kansu suke tashi daga jikin karya su dasu a jikin namiji, ko akasin haka. Yakan fito can gindin azzakari, a ɓoye cikin fata, ja ne mai gudaji-gudaji, da an taɓa shi sai ya farfashe ya yi jini. Ba a ganinsa sai likita ya janye fatar baki ɗaya har ƙarshe, abin da wani lokaci sai an ɗan kwantar da karen da allura yake yiwuwa. Idan karenka yakan tsallake katanga da dare lokacin da karya ke neman namiji a unguwa, to dole a duba wannan. Fiɗiya ba ta warkar da shi. Maganinsa wata allura ce mai suna vincristine da ake yi ta jijiya sau ɗaya a mako, galibi na mako 4 zuwa 6, kuma mafi yawan karnuka suna warkewa sarai. Zai zama asara a yanka tsohon kare, ya sha jinya, sannan a ga jinin bai tsaya ba domin tun asali ba a nemo inda yake fitowa ba.

Shi kansa furostet ɗin ana so likita ya sa safar hannu ya taɓa shi ta dubura. Idan ya ji shi sumul, ɓangarorinsa biyu daidai, kuma karen bai nuna jin zafi ba, to alamar kumburin tsufa ce. Idan karen ya zabura ko yana zazzaɓi, akwai yiwuwar ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma sai an ba shi maganin kashe su na makonni kafin aiki da bayansa. Idan kuwa ya yi tauri, ya karkace, ba ya motsi, ana tsoron sankara, wadda fiɗiya ba ta hana ta kuma ba ta warkar da ita. Hoton ciki na sikanin da gwajin fitsari su ke raba gardama. Ka kuma gaya wa likita gaskiya idan kana zuba maganin ɓera a ɗakin kajinka, domin yawancin waɗannan magunguna suna hana jini daskarewa, kuma kare yakan ci su kai tsaye ko ta hanyar cin ɓeran da ya sha. Karen da ke da wannan guba a jiki ba a kusantarsa da wuƙa.

Yanzu ga maganar maƙwabcinka na farko. Tsoronsa ba na banza ba ne, amma ya wuce gona da iri. Wani babban bincike da aka gudanar a Birtaniya, aka buga a 2008, ya bi diddigin karnuka kusan 98,000 da aka sa barci. A cikin masu ƙoshin lafiya, kimanin 1 cikin 1,800 ne ya mutu sanadin maganin barci, amma a cikin waɗanda aka san suna da wata cuta mai tsanani adadin ya tashi zuwa kimanin 1 cikin 75. An yi wannan lissafi ne a asibitoci masu kayan aiki, saboda haka ba za mu ɗauke shi mu ɗora a kan kowane shago da ke da allon likitan dabbobi ba. Abin da za ka riƙe shi ne girman tazarar da ke tsakanin lafiyayye da marar lafiya. Tsufa yana ƙara hatsari ne domin tsohon kare ya fi yiwuwar ɗauke da ciwon zuciya, ƙoda ko hanta da bai bayyana ba, kuma aikin gwaji shi ne a gano a wane rukuni karenka yake kafin a kwantar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin da na fi ba muhimmanci a yankinmu shi ne na jini, saboda kaska. Jar kaskar da ke maƙalewa a kunnuwan karnuka da tsakanin yatsunsu, take kuma ɓuya a tsagar bango, tana ɗauke da cututtuka biyu da suka shafi tiyata kai tsaye. Ɗaya, mai suna Ehrlichia, tana rage ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare ya toshe rauni, kuma tana iya zama a jikin kare watanni ko shekaru yana ci yana haushi kamar ba komai. Irin wannan kare ne ake yi wa ƙaramin yanka sai jini ya ƙi tsayawa, ko jakar maraina ta cika da jini cikin dare. Ɗayar, Babesia, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ta bar dabbar da ƙarancin jini. Karen da ya shekara tara a bayan gari kusa da kaji da dabbobi ya haɗu da kaska sau ba adadi. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashinsa da rana: idan ya yi fari maimakon ja-ja, ko kana ganin ƙananan jajayen ɗigo a kansa ko a fatar cikinsa, ko ya taɓa yin haɓo, ka faɗa wa likita. Ko babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka nemi a auna yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jininsa, wanda a lafiyayyen kare yakan kama daga kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari, a ƙirga ƙwayoyin daskarar da jini, a kuma duba jinin a madubin likita. Idan an sami Ehrlichia, maganinta doxycycline ne na kwana 28, sannan a sake gwaji kafin a sa rana. Jinkirin wata guda ba zai cutar da shi kamar yadda gaggawa za ta yi ba. Ina kuma gargaɗinka kada ka bari wani ya yi masa allurar diminazene da makiyaya ke yi wa shanu da sunan wanke jini, domin tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikin kare ƙarama ce ƙwarai, kuma wuce kima yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Bayan jini sai zuciya, ƙoda da hanta. Likita zai saurari ƙirjinsa, kai kuma ka lura ko yana tari da dare, ko yana saurin gajiya, ko cikinsa ya kumbura. Yawan shan ruwa da yawan fitsari fiye da yadda ya saba alama ce da ke sa a zargi ƙoda ko ciwon sukari. Gwajin ƙoda yana da muhimmanci sau biyu, domin maganin barci yana sauke hawan jini ya rage abin da ke isa gare ta, kuma magungunan rage zafi da za a ba shi bayan aiki ita suke wahalarwa. A kuma taɓa marainan biyu. Idan ɗaya ya fi ɗaya girma ko tauri, ko gashin gefen jikinsa biyu yana zubewa, ko nonuwansa sun kumbura, akwai wani nau'in ƙari da ke fitar da sinadarin mace, wanda ke iya danne ɓargo ya hana shi ƙera jini. Wannan ƙarin dalili ne na yin aikin, kuma ƙarin dalili ne na yin gwaji kafin a yi shi.

Wurin da za a yi aikin yana da nauyi daidai da lafiyar karen. Ka tabbatar cewa wanda zai riƙe wuƙar cikakken likita ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Kai da ke Zariya ka yi sa'a, domin Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai, kuma akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri ga waɗanda ke can. Ko ina ka zaɓa, ka yi tambaya cikin ladabi, likitan kirki ba ya jin haushin mai tambaya. Ka tambaya ko za a sa masa allurar jijiya a ɗaura masa ƙarin ruwa tun daga farko har ƙarshe, ko za a sa bututu a maƙogwaronsa a ba shi iskar oksijin, kuma ko akwai mutum ɗaya wanda aikinsa kawai shi ne kula da numfashi da bugun zuciya yayin da likita ke yanka. Ka tambayi irin maganin barcin. Wurare da yawa suna amfani da haɗin xylazine da ketamine domin sauƙinsa, amma xylazine yana rage bugun zuciya sosai, kuma ba shi ne zaɓin farko ga tsohon kare ba. Inda ake da propofol da iskar isoflurane an fi samun ikon ƙarawa da ragewa gwargwadon yadda jikin dabbar ke amsawa. Allurar kashe zafi ta lidocaine da ake yi a wurin yankan tana rage yawan maganin barcin da ake buƙata. Ka kuma tambaya ko za a cire jakar marainan gaba ɗaya, domin ta tsohon kare ta riga ta saki ta yi tsawo, kuma idan aka bar ta fanko takan tara jini da ruwa. Likitoci da yawa sun fi son cire ta a irin wannan shekaru, ko da yankan zai ɗan fi tsawo.

Likita ne zai faɗa maka sa'ar da za ka ɗauke masa abinci, amma ruwa ba a hana tsohon kare shi tun daren da za a wayi gari a yi aikin, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ka nemi a yi aikin da safe. Idan lokacin hunturu ne, ka tafi da bargo, domin dabbar da ke cikin maganin barci ba ta iya riƙe ɗumin jikinta, kuma sanyi yana jinkirta farkawa. Wani abin da binciken nan na Birtaniya ya gano, wanda ya kamata kowane mai kare ya sani, shi ne kusan rabin mace-macen sun faru ne bayan an gama aiki, da yawa daga cikinsu cikin sa'o'i 3 na farko. Saboda haka kada ka yarda a miƙo maka shi yana sume a ce ka je gida zai farka a hanya. Ya zauna a gaban ma'aikata har sai ya ɗaga kai, ya haɗiyi yawu, ya iya miƙewa, kuma ka karɓi lambar wayar da za ka kira cikin dare.

A gida, kwana 10 zuwa 14 na farko hutu ne daga gadi. Ka sa shi a ɗaki mai daɓen siminti, busasshe, wanda ƙudaje ba sa shiga, domin ƙuda yana yin ƙwai a rauni cikin ɗan lokaci, kuma kwanciya a yashin da aka yi wa fitsari tana jawo tsutsar da ke shiga fata. Fita sai da igiya, don fitsari da kashi kawai. Dole ya sa abin wuyan roba da ke hana shi lasar ɗinki. Idan ba a samu ba, ana yanke gindin bokitin roba a ɗaura shi a igiyar wuyansa, a naɗe bakin da tsumma kada ya yanke shi. Zai ƙi shi a kwana na farko, amma kada ka tausaya ka cire, domin kare yana iya tsinke ɗinki cikin mintoci kaɗan. Kada a shafa wa raunin toka, baƙin mai ko maganin wanke ban-ɗaki, kuma kada a yi masa wanka sai an cire zare. Maganin zafin da likita ya rubuta kaɗai za ka ba shi. Ibuprofen da diclofenac da muke ajiyewa a gida suna huda cikin kare kuma suna kashe ƙodarsa, paracetamol ma ba a ba shi sai da umarnin likita da awo. Safe da yamma ka danna dasashinsa da yatsa ka saki. Ya kamata launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan dasashin ya yi fari, ko wurin aikin yana kumbura da sauri, ko jini yana ɗiga ba tsayawa, ko ya kasa tashi, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ka koma asibiti a lokacin, kada ka jira gari ya waye.

Game da gadi, ka kwantar da hankalinka. Karen da ya shekara tara yana sanin takun baƙo daga na ɗan gida ba zai manta ba don an cire masa maraina. Abin da ke raguwa shi ne tsallake katanga neman karya da faɗa da sauran maza a kanta, kuma wannan riba ce gare ka, domin karen da ke kwana a gida ya fi tsaro, ya kuma fi nisa da cizon mahaukacin kare. Duk da haka ka ci gaba da yi masa rigakafin ciwon hauka a kan kari. Ka nisanta shi da karya na tsawon mako 4 zuwa 6, domin yana iya ba da ciki a wannan tsakanin. Bayan ya warke ka rage masa abinci da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, saboda jikinsa zai rage ƙona abin da yake ci, kuma ƙiba tana karya tsohon kare mai jinin Alsatian ta wajen ƙugu da gwiwoyi.

Ta fuskar addini, malaman Malikiyya sun halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda amfanin da ke cikinta, kuma abin da shari'a ta tsananta a kai shi ne azabtar da dabba ba tare da dalili ba. Naka magani ne na ciwon da ke damunsa, za a kuma yi shi yana barci ba ya jin zafi. Ka kai wa malamin da ka amince da shi maganar kamar yadda take, tare da bayanin likita, domin zuciyarka ta natsu.

Idan kuma gwaji ya nuna zuciyarsa ko ƙodarsa ba za su ɗauki aikin ba, ba a rasa abin yi ba. Akwai ƙwayar finasteride, wadda ake ba dattawa maza masu irin wannan kumburi, kuma likitocin dabbobi suna rubuta ta ga karnuka gwargwadon nauyinsu. Tana rage girman furostet cikin makonni, amma kumburin yana dawowa idan aka daina, saboda haka shan ta na dindindin ne, kuma mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Likita zai iya haɗa masa da maganin tausasa kashi domin yunƙurin ya ragu, sannan a riƙa duba shi bayan kowane wata uku, a sake auna ko ya yi ƙarfin da za a iya yi masa aikin.